Tambaya da Amsa: Ɗalibaina sun fitar da rai da karatu, faɗuwa ma ko a jikinsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar kuɗi a Agege, yawancin ɗalibanmu 'ya'yan Hausawa ne mazauna Legas. A ajin JSS 2 akwai yara shida da suka gagare ni. Ba sa aikin gida, ba sa tambaya, biyu ma barci suke yi a aji. Zangon da ya wuce duk sun faɗi, na miƙa musu sakamako ko a jikinsu. Na yi faɗa, na sa su durƙuso, na yi nasiha, na kira iyaye, shiru kake ji. Ga mai makaranta ya matsa in ɗan ƙara musu maki don kada iyaye su cire su. Yaya zan yi? Daga wata malama a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika damu, don da yawa kan tura irin waɗannan yara bencin baya su manta da su.

Wuri ɗaya zan fara ja da ke. Kina ganin ƙin karatu ne ya jawo musu faɗuwa. A yawancin yara masu shekara 12 zuwa 14, faɗuwar ce ta riga zuwa. Yaro ya yi ƙoƙari ya faɗi, ya sake ya faɗi, tun yana firamare, har ya sa wa ransa cewa ko ya yi ko bai yi ba duk ɗaya ne. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun nuna a gwajin da suka yi da dabbobi cewa wadda aka saba mata da wahalar da ba ta da mafita takan daina neman hanyar tsira, ko da daga baya an buɗe mata ƙofa. An ga makamancin haka ga 'yan makaranta. Wannan "ko a jikinsu" da ke ba ki haushi, sau da yawa kare mutunci ne. Yaro ɗan shekara 13 ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce masa daƙiƙi. In bai taɓa aikin ba, ba wanda zai ce ya gwada ya kasa.

Don haka ki ajiye nasiha tukuna, ki nemo inda kowannensu ya tsaya. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban 'yan aji ba, minti goma ya isa. Ki miƙa masa littafin Turanci na aji uku na firamare ya karanta miki sakin layi ɗaya, sannan ya faɗa miki da Hausa abin da ya fahimta. Ki ba shi 52 a ɗebe 17, ki ga ko ya iya aro. Ki ba shi 72 a raba gida 6. Kada ki yi mamaki in rabinsu sun cije a nan. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi. Irin waɗannan yara ba ɓacewa suke yi ba, ciyar da su gaba ake yi aji bayan aji har su iso gabanki, ke kuma manhaja ta ce ki koya musu aljabara.

Akwai gwaji na biyu da na fi so, saboda ya dace da yaranmu na Legas. Ki ɗauki tambayar lissafin da ya faɗi a jarrabawa, ki juya ta Hausa da baki: mutum ya sayi kwando uku na tumatir a kasuwar Mile 12, kowanne naira 18,000, ya miƙa 60,000, nawa ne canjinsa? In ya ce miki dubu shida kafin ki rufe baki, to lissafinsa lafiya lau, Turancin tambayar ne ya tare masa hanya. Ki duba nauyin da ke kan yaron nan. Hausa a gida, Yarbanci da buroka a layi, Larabci a Islamiyya, Turanci a aji, ga Yarbanci kuma a matsayin darasi tun da dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da shi a makarantu. Bakinsa ya iya harsuna uku ko huɗu, amma ba a taɓa zaunar da shi aka koya masa karatu sosai da ko ɗaya ba. Ya fi tsanani ga waɗanda aka kawo daga gida da girmansu, daga Kano ko Sakkwato ko Nijar, aka duba tsayinsu aka jefa su ajin da ya yi daidai da shekaru. Ki bincika cikin shidan nan nawa ne suka yi firamarensu gaba ɗaya a makaranta guda.

Masu barci kuwa, tambaya ɗaya za ki yi musu cikin lalama: ba ni labarin jiya, daga tashinka har kwanciyarka. A nan za ki ji wanda ke bin mahaifinsa kasuwa da asuba ana sauke albasa, da wanda ke taya aiki a mayankar Oko-Oba, da yarinyar da sai ta ɗebo ruwa ta shirya ƙanne kafin ta fito, ta dawo ta wuce Islamiyya har magariba. Za ki kuma ji mai danna waya har ƙarfe biyu na dare. Likitoci sun ce matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya samu biyar, ko wane irin malami ne a gabansa sai ya yi gyangyaɗi. Ki lura da mai ƙanƙance ido in yana kallon allo, ki dawo da shi gaba. Ki tambayi wanda ke yawan fashi ko yana da sikila. Ki duba rajista ki ƙirga makonnin da aka kore su saboda kuɗin makaranta, don gidaje da dama sun shiga matsi tun da aka hana acaɓa a manyan sassan Legas a 2022, kuma yaron da ya rasa mako uku a lissafi ya dawo ya tarar jirgi ya tashi.

To in kin gano inda suka tsaya, daga nan za ki ɗauko su, ba daga inda manhaja take ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wannan hanya: a raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, a ba su ɗan lokaci kullum a kan tushe. An gwada ta a jihohin Arewa irin su Borno da Kano. Ke ba sai kin jira wani shiri ba. Ki nemi minti 20 zuwa 30, sau uku a mako, lokacin tara ko bayan tashi. Ki fara da abin da kika tabbata za su ci, ki riƙa ƙara wuya kaɗan-kaɗan, yadda cikin tambaya biyar za su samu huɗu. Wani zai ce wannan ai shagwaɓa yara ne. A'a. Yaron da ya shekara uku bai ga alamar daidai a littafinsa ba, ba zai yarda ƙoƙari na da amfani don kin faɗa masa ba, sai ya gani da idonsa. Kuma kada ki kira zaman da sunan ajin marasa ƙoƙari, in ba haka ba ranar farko ce za ta zama ta ƙarshe.

Yadda kike duba aikinsu ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta raba ɗalibai gida uku: wasu ana ba su maki kawai, wasu sharhi kawai a kan aikinsu, wasu kuma duka biyun. Masu sharhi kawai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa musu maki da sharhi ba su fi masu maki zalla ba, saboda ido na sauka kan lamba sai a rufe littafi. A zaman nan naku, ki bar rubuta 3/10 da jan biro. Ki rubuta: "Jeren lambobinka daidai ne, a wurin aro ka manta ka rage ɗaya, sake na uku da na biyar." Ki riƙa gwada shi da kansa na makon jiya, kada ki gwada shi da na ɗaya a aji. Wajen yabo kuma ki yabi abin da ya yi, ba kansa ba. Binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna yaran da aka yaba da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun fi saurin gudun aiki mai wuya da karaya in sun faɗi, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Yabon ƙarya kuwa yara sun fi mu gane shi.

Durƙuso da bulala ki bar su. Gwamnatin Legas ta hana dukan ɗalibai a makarantu, amma ko babu doka, me suka saya miki zangon da ya wuce? Iyakaci su sa yaro ya kwafe aikin abokinsa da safe, ke kuma ki rasa hanyar sanin abin da bai iya ba. Wannan ba yana nufin a sakar musu ba ne. Aikin gida ya zama kaɗan, tambaya uku da za su iya, amma wanda bai yi ba zai zauna ya yi shi a gabanki kafin ya fita tara, yau da gobe da jibi, ba tsawa ba fashi.

Kin ce kin kira iyaye. Me kika ce musu? In "ɗanku ba ya ƙoƙari" ne kawai, to abu biyu uba zai yi: ya zane shi, ko ya ce tun da boko ta ƙi shi ya zo shago. Ki sake kiransu, ki fara da abu ɗaya na kirki da kika gani ga yaron, sannan ki roƙi abu guda tak da za su iya: Alhaji, a karɓe wayar nan ƙarfe goma, ko a ɗauke masa zuwa kasuwa ranakun makaranta zuwa ƙarshen zango. Ki nemi uwar, don ita ta san lokacin da yake kwanciya. Saƙon murya da Hausa ta WhatsApp ya fi takardar Turanci da za ta kwana a jaka. In da hali ki tuntuɓi malaminsu na Islamiyya. Sau da yawa za ki ji wanda kike wa kallon malalaci yana da izu goma a ka, yana ma biya wa ƙanana. Wanda ya iya wannan ba naci ya rasa ba, kuma kalma ɗaya daga bakin malamin nan ta fi nasiharki goma nauyi a gidan.

Cikin shidan, da wuya a rasa wanda zai ce miki, ko a fili ko a zuci, me boko ta tsinana wa yayansa mai digiri da ke zaune, alhali kawunsa ɗan canji ko mai sayar da shanu bai yi aji ko ɗaya ba ga shi da gida da mota. Kada ki ce masa zai zama likita, ba zai saya ba. Ki yi masa maganar abin da yake gani: ɗan kasuwar da ba ya iya karanta takardar haya ko saƙon banki, kullum amanarsa na hannun wani. Ki nuna masa cewa ba jami'a ce kaɗai ƙofa ba. Jihar Legas na da kwalejojin fasaha na gwamnati a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba, inda ake koyon aikin lantarki da gyaran mota da gini a fito da takardar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da sana'o'i ta ƙasa, kuma sai an gama JSS 3 ake shiga. Ga yaron da hannunsa ya fi bakinsa, wannan buri ne na kusa da zai iya hangowa.

Batun mai makaranta, shawarata kada ki ƙara maki ko ɗaya da ba a yi aikinsa ba. Baɗi yaran nan za su zauna jarrabawar BECE ta kammala JSS 3, bayan shekara uku kuma WAEC, inda ake neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Makin da kika ba su kyauta yau, ranar nan za a biya shi, ko da F9 ko da kuɗin satar amsa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kada ki je masa da "ba zan yi ba" kawai, don shi kujerun da za su zama wayam yake lissafawa. Ki je masa da tsari: mako shida na gyaran tushe, sannan a sake musu jarrabawa ta gaskiya, a sanar da iyaye tun yanzu cewa makaranta ce ta ɗauki wannan nauyi. Uban da ya ga ana wahala a kan ɗansa ba ya saurin cire shi. Makin aikin aji kuma ki ba su a kan ayyukan da suka yi a zaman nan, wannan halas ɗinsu ne. Maimaita aji ba na hana shi gaba ɗaya, sai dai in za a maimaita wa yaro darasin da bai gane ba ta hanyar da bai gane ba, shekara kawai aka ci masa, ga kunyar zama da ƙannensa.

Kada ki sa rai duka shidan za su juyo tare. In aikin ya yi miki yawa, ki fara da biyun da kika ga sun fi kusa, sauran suna kallo. Idan kuma zango ya ƙare akwai wanda yake zuwa kullum, yana samun barci, idonsa da kunnensa lafiya, amma har yanzu haruffa na rikice masa, to a kai shi a auna shi, don akwai larurar karatu da ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Haka wanda a da yake da ƙoƙari da fara'a, kwatsam ya yi shiru, ya rame, ko idonsa ya canza, ko ya fara tsoron komawa gida. Wannan ya wuce aikin malamar lissafi ita kaɗai. Ki sanar da shugaban makaranta a rubuce, a zauna da iyaye, a nemi likita. Asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, LASUTH na Ikeja kusa da ku, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba kuma yana da sashen yara da matasa a Oshodi.