Gindin kaktus ɗina ya yi laushi, ko taki yake so?

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Yuni na sayi ɗan ƙaramin kaktus a wajen masu sayar da fulawa na bakin titi, na ajiye shi a falo kusa da talabijin. Kullum da safe ina ba shi ruwa tare da sauran shukokina. Yanzu gindinsa ya yi laushi, ya koma ruwan ƙasa, samansa kuma ya yi tsiro siriri. Ko taki yake so? Daga wata 'yar'uwa a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ma ki kai masa taki. Ruwa ne ya yi masa yawa.

Asalin kaktus daga nahiyar Amurka yake, kuma irin waɗannan ƙanana da ake sayarwa da dama daga busassun yankunan Meziko suka samo tushe. Jikin nan nasa mai kauri randa ce, a ciki yake tara ruwa. Ƙofofin numfashinsa ma da dare yake buɗe su, da rana ya rufe don kada ruwan ya tsere. Shukar da aka halitta haka, in ana shayar da ita kullum, saiwarta ba ta samun iska, sai ta ruɓe, ruɓar ta hauro gindi. Ga shi kin saye shi da shigowar damina, lokacin da ƙasar tukunya kan daɗe ba ta bushe ba, balle a watan Agusta.

Yau ɗin nan ki tuge shi. Ki naɗe takardar jarida ki kama shi da ita saboda ƙaya, ki kakkaɓe ƙasar, ki duba. Saiwa mai lafiya fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce mai yauƙi, wani lokacin har da wari. Ki sa wuƙa mai kaifi mai tsabta ki yanke daga saman inda ya lalace, ki riƙa ƙarawa har sai kin ga ciki tas babu ɗigon launin ruwan ƙasa. Kada ki ji tausayinsa a nan, ɗan tabon da kika bari shi zai cinye sauran. Sai ki ajiye shi a inuwa mai iska mako ɗaya ko biyu, bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo, sannan ki ɗora shi kan busasshiyar ƙasa. Ki ƙara mako guda kafin ya ga ruwa. In ruɓar ta riga ta kai har sama, sai dai haƙuri.

Ni na fi son tukunyar ƙasa irin ta masu ginin tukwane a kan ta roba, don tana shan danshi. Ko wacce ce dai, lallai a huda gindinta. Ƙasar kuwa ki haɗa rabi yashin gini mai tsakuwa, rabi ƙasar shuka, ki barbaɗa dakakken gawayi. Ban da laka.

Wajen ban ruwa, ki soka tsinken tsire har ƙasan tukunya. In ya fito da danshi, ki bari. In ya fito a bushe, ki zuba sosai har ya zubo ta ƙasa, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Da bazara zai iya nema duk bayan kwana 10, da hunturu kuwa sau ɗaya a wata ma ya isa, sai dai ki riƙa share masa ƙura da tsohon buroshi mai laushi.

Tsiron nan siriri neman haske ne, kuma inda ya riga ya sirance ba zai yi kauri ba. Ki mayar da shi bakin tagar da ke samun hantsi, amma a hankali, don wanda ya saba da duhun falo ranar Afrilu ta Kano tana ƙona shi.

Wani abu kuma, ki lura lokacin yankan. In kika ga farin ruwa kamar madara yana fita, to mai yiwuwa ba kaktus ba ne, dangin ƙerana da tinya aka sayar miki, kama ce kawai. Wannan ruwan yana ƙona fata kuma haɗari ne ga ido, ki wanke hannu da sabulu nan take, ki ɗaga tukunyar inda yara ba za su kai ba.