Amsa kan maganin mantuwa da aka ce daga teku yake

Malama, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce ta fara manta sunayen jikokinta, an kuma tallata miki wasu ƙwayoyi na ciyawar teku, kina tambaya ko ki saya. Shekara biyar na yi ina jinyar mahaifina da wannan lalurar, kuma sau uku na sayi irin kwalbar nan a hannun wani mai talla. Ban ga sauyi ko ƙanƙani ba. Baƙin cikin haka ne ya sa na zauna na bi diddigin maganar.

Akwai magani a teku, wannan gaskiya ne. Wani dodon koɗi mai dafi, Conus magus, yana harbin kifi ya shanye masa jiki nan take. A ɗakin binciken Baldomero Olivera na Jami'ar Utah aka gano sinadarin dafin da ya zama maganin da ake kira ziconotide, Amurka ta amince da shi a 2004. Sai dai na matsanancin raɗaɗi ne, ba na mantuwa ba, kuma ba a haɗiyarsa, ta ɗan famfo ake zuba shi cikin ruwan da ke kewaye da lakar ƙashin baya.

Mafi kusa da tambayarki shi ne wani maganin mantuwa mai suna GV-971, da aka samo daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa. Ƙasar Sin ta ba shi izini bisa sharaɗi a 2019, amma babban gwajin da aka fara a wasu ƙasashe an dakatar da shi a 2022. Na daɗe ina sa rai da wannan, ya yi mini zafi.

Kada kuma kalmar “daga teku” ta kwantar miki da hankali. A 1987 sama da mutum 100 suka kwanta a Kanada bayan cin wani abincin teku mai ɓawo da ke ɗauke da gubar domoic acid. Wasu sun rasu, wasu kuma mantuwa ta kama su har abada.

Abin da ya taimaki Baba shi ne ganin likitan ƙwaƙwalwa. An auna masa bitamin B12, siga, hawan jini da aikin thyroid (wani ƙullutu a wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo), domin wasunsu kan kawo mantuwar da ake iya gyarawa. Ki fara da wannan. Ki tafi da kwalbar likita ya karanta abin da ke ciki, tare da duk magungunan da Mama ke sha yanzu.