Ƙarin kuɗin ruwa zai sauko da farashin buhun masara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kano. A 2024 duk zaman da Babban Bankin Najeriya ya yi sai mu ji a rediyo an ƙara kuɗin ruwa, wai don a shawo kan hauhawar farashi. Mu kuwa abin da muka ga ya ɗaga buhu shi ne kuɗin mota, tsadar taki, da manoman da 'yan bindiga suka kora daga gona. Me ya haɗa kuɗin ruwa da wannan? Me suke dubawa kafin su yanke shawara? Ni ko bashin banki ban taɓa ci ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kana da gaskiya a rabin maganarka. Ƙarin kuɗin ruwa ba ya mayar da manomin Zamfara gonarsa, ba ya rage kuɗin gas ɗin tirela daga Giwa zuwa Dawanau. Su ma masu yanke shawarar sun san haka.

Masu yanke shawarar kwamiti ne na mutum 12: gwamnan bankin, mataimakansa huɗu, da wasu bakwai, kamar yadda dokar bankin ta 2007 ta tsara. Sukan zauna duk bayan wata biyu. Babban aikinsu a teburin shi ne tantance tsadar: wacce ta samo asali daga ƙarancin kaya, wacce kuma daga yawan kuɗi da faɗuwar naira. Ta farko ba su da maganinta. Ta biyu ce gonarsu.

Don haka ba alƙaluma ɗaya suke kallo ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da jimillar hauhawar farashi, sannan ta ware na abinci daban, ta kuma fitar da na uku wanda aka cire amfanin gona da makamashi daga ciki. Wannan na ukun shi suka fi zura wa ido. Farashin tumatir yana tashi da damina ya faɗi da rani, gero yana sauka da kaka. Ba a canza manufa saboda wannan. Amma in kuɗin haya, kuɗin makaranta, magani da ɗinki duk sun bi sahu, to tsadar ta tsallake kasuwar hatsi ta shiga ko'ina. A ƙarshen 2024 jimillar ta kai kashi 34.80, wannan na ukun kuma ya kusa kashi 30. Ke nan ba rashin tsaro kaɗai ke tura ta ba.

To me ke tura ta? Abubuwa uku suka haɗu. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Na uku, wanda ba a cika faɗa a rediyo ba, shi ne bashin da gwamnatin tarayya ta daɗe tana karɓa kai tsaye daga Babban Bankin, wanda ya kai naira tiriliyan 22.7, alhali doka ta ƙayyade shi ga kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Kuɗi ne aka zuba cikin ƙasa ba tare da an noma ƙarin buhu ko ɗaya ba.

Ga inda lissafin yake, kuma nan ne maganar ta shafe ka ko da ba ka taɓa taka banki neman rance ba. A Janairun 2024 kuɗin ruwan Babban Bankin, wato ma'aunin da bankuna ke dubawa wajen sa ruwa a kan rance da ajiya, kashi 18.75 ne, hauhawar farashi kuwa kashi 29.90. Duk wanda ya ajiye naira a banki ko ya sayi takardun lamunin gwamnati, asara yake yi a tsaye. Mai hankali sai ya kwashe kuɗinsa ya nufi Wapa ya sayi dala, ko ya sayi masara ya kulle a sito. Kai ka fi ni sanin waɗanda suka shigo harkar hatsi a lokacin, mutanen da ba su san bambancin sabuwar masara da tsohuwa ba. Hatsi ya zama asusu. Ga kuma 'yan kasuwar maƙwabta masu riƙe da sefa, waɗanda kayanmu suka yi musu araha saboda naira ta karye.

Shi ya sa a Fabrairun 2024, zaman farko ƙarƙashin Olayemi Cardoso, aka ɗaga kuɗin ruwan zuwa 22.75 a tashi ɗaya, aka ci gaba har 27.50 a Nuwamba. An kuma tilasta wa bankuna ajiye kashi 45, daga baya kashi 50, na kuɗin ajiyar jama'a a wurin Babban Bankin. Manufar ita ce riƙe naira ya daina zama wauta, masu zuba jari na waje su kawo dala, a rage kuɗin da ke farautar dala a hannun 'yan canji. A ganina wannan hanya ta canji ita ce ta fi aiki a Najeriya. A Ingila ko Amurka, inda miliyoyin mutane ke biyan bashin gida, ƙarin kuɗin ruwa ya fi taɓa aljihun jama'a kai tsaye. A nan yawancin jama'a ba su da bashin banki, sai abin ya biyo ta dala: taki, maganin feshi, kayan gyaran mota da alkama duk da ita ake shigo da su.

Akwai kuma tsammani. In kowa ya sakankance kaya za su tashi wata mai zuwa, yau zai ƙara farashi, mai gida ya ƙara haya, direba ya ƙara kuɗin lodi. Kwamitin yana son karya wannan zato, shi ya sa yakan yi tsauri fiye da yadda alƙaluman wata ɗaya suka nuna.

Maganin yana da ɗaci. A lokacin bankuna sun koma ba da rance a kan kashi 30 ko fiye, kuma mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ba zai iya ɗaukar wannan ya ci riba ba. Hatta bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, ribar da suke ɗorawa a kan kayan da suke saya wa mutum tana bin yanayin kasuwar. Gwamnati ma bashinta yana ƙara tsada. Wannan shi ne ɗaya gefen ma'aunin: in sun matsa da yawa masana'antu su rage ma'aikata, in sun sassauta da wuri dala ta sake tashi. Ga shi kuma tasirin ƙarin yakan ɗauki watanni da dama kafin ya bayyana, don haka farashin baɗi suke hange, ba na jiya ba.

Hattara da abu ɗaya. An sanar da cewa hauhawar farashin Janairun 2025 kashi 24.48 ce, bayan 34.80 a Disamba. Ba kaya ne suka yi sauƙi cikin wata guda ba; Hukumar Ƙididdiga ce ta sabunta ma'auninta, ta mayar da shekarar kwatanci daga 2009 zuwa 2024, ta kuma rage nauyin abinci a lissafin. Kwamitin bai rage ko kwabo daga kuɗin ruwan ba sai Satumban 2025, lokacin da ya sauko da shi zuwa kashi 27. Sannan saukar hauhawa ba saukar farashi ba ce. In tiya ta tashi daga naira 1,000 zuwa 1,350, hauhawar kashi 35 ke nan. In baɗi ta koma 1,620, za a ce ta sauko zuwa kashi 20, mai cefane kuwa ƙari ya biya.

In kana son hango inda za su dosa, Alhaji, duba rahoton hukumar da ke fita tsakiyar kowane wata, musamman ƙarin da aka samu daga wata zuwa wata, sai ka haɗa da tazarar da ke tsakanin farashin dala a banki da na 'yan canji. In duka biyun sun lafa watanni a jere, ragi na tafe.