Unguwannin da ambaliya ba ta cika shafa ba a Yamai

Malam, ka tambayi inda ya fi dacewa ka kama haya a Yamai ba tare da fargabar ambaliya ba. A ganina, ka nufi tudun da ke gaɓar hagu ta kogin Kwara, wato Plateau, Koira Kano da Yantala ta sama, domin ƙasarsu ta ɗara kogin tsawo sosai.

Inda ruwa ya fi yin ɓarna shi ne gaɓar dama, wato Harobanda, musamman Lamorde da Kirkissoye, sai kuma Saga a gaɓar hagu. A shekarar 2012, da kuma a Satumbar 2020 lokacin da kogin ya kai kimanin mita 7, nan ne gidaje suka fi rushewa. Cikar kogin da ke zuwa a Agusta da Satumba, wadda ruwan kogunan Sirba, Dargol da Gorouol masu zuba cikinsa ke haddasawa, ita ce mai haɗari, saboda tana tasowa cikin 'yan kwanaki.

Sai dai tudu ma yana da kwarinsa. Ka guji gidajen da ke bakin kwarin Gounti Yena, kuma ka je duba gidan washegarin ruwan sama mai ƙarfi, ka lura da shatar danshi a gindin katanga kafin ka biya kuɗi.