Layin na kamfanin sadarwa ne, na'urar tamu ce: wa ke da alhakin tsaronta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Kamfaninmu na maƙala wa motocin dakon kaya na'urorin bin sawu, layukan kuma na wani kamfanin sadarwa ne da ya ware mana APN namu, wato hanyar da layukanmu ke bi su tura data. Kwanan nan wasu na'urorin suka daina turo bayani, amma data sai ƙarewa take yi. Kamfanin sadarwa ya ce layukansa lafiya lau, dillalin na'urorin ya ce laifin netwok ne. Hankalina a tashe yake, ko kutse aka yi mana? Dillalin dai ya taɓa ce mana tunda APN ɗinmu keɓaɓɓe ne, babu buƙatar sabunta komai.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka yanke cewa kutse ne, nemi kamfanin sadarwa ya ba ka tarihin haɗuwar kowane layi da ya yi shiru. Abin da suke gani ke nan daga ɓangarensu: lambar sim, IMEI (lambar shaidar na'ura) ɗin abin da sim ɗin ke ciki, hasumiyar da ya kama, lokaci da yawan data. In IMEI ya canza, an zare sim ɗin an sa a waya ko wata na'ura, sai ka nemi direba. In ka ga haɗuwa gajeru birjik, kowace ta 'yan daƙiƙu, na'urar ce ta kasa isa kwamfutarku take ta maimaita kira. In kuwa data na tafiya wani adireshin da ba naku ba, dakatar da layukan yau ɗin nan. "Lafiya lau" a bakinsu na nufin layin na kama netwok kuma ana cajinka, shi ke nan.

Yanzu ga maganar dillalin nan, wadda kullum sai na ji ta, har ta gundure ni. APN keɓaɓɓe hanya ce da aka ware maka, ba ya leƙa cikin na'ura. Bai san kalmar sirrin da masana'anta ta saka tana nan ba a canza ba, bai san manhajar ciki ta shekara biyar ba a taɓa ta ba. A tsari da yawa ma layukan da ke APN ɗaya suna iya magana da juna sai in ka ce a toshe. Ke nan wanda ya ɓalle na'ura ɗaya da sukundireba ya zare sim, ya shigo tsakar gidanku.

A 2015 masu binciken tsaron kwamfuta Charlie Miller da Chris Valasek sun karɓe ikon wata Jeep Cherokee daga nesa, ta netwok ɗin kamfanin sadarwa na Sprint a Amurka. Wata ƙofa ce aka bari a buɗe a na'urar motar, kuma duk mai layin Sprint na iya isa gare ta. Sprint ta toshe ƙofar daga ɓangarenta, amma gyaran manhajar sai da Fiat Chrysler, mai ƙera motar, ta yi kiranyen motoci miliyan 1.4, har da aika wa masu motoci filas ta gidan waya. Kowa ya gyara abin da ke hannunsa, babu wanda ya iya yi wa ɗaya aikinsa. Duk da haka har yau akwai masu sayar da na'urar da ba ta karɓar sabuntawa ta iska, su ce maka "ai netwok ya tsare ta". Mai faɗin haka ko bai san aikin ba, ko so yake ya sayar ya gudu. Sai abu ya lalace a bar jaki ana dukan taiki, ka yi ta yawo tsakanin ofisoshi biyu da lambar ƙorafi a hannu.

Ku zauna ku uku a rubuta rabon aiki. Kamfanin sadarwa ya ɗaure kowane sim da IMEI ɗinsa, ya hana layuka ganin juna, ya taƙaita adiresoshin da za su iya kaiwa, ya sa iyakar data mai ƙararrawa. Ku kuma ku riƙe makullan sirri na manhajar na'ura, ɓoye bayani tun daga na'ura har kwamfutarku, da sabunta manhaja. In dole ne ɓangarorin biyu su taɓa na'ura ɗaya, ƙa'idar kula da na'urori daga nesa ta LwM2M, wadda ta fito a 2017, ta yarda na'ura ta amsa wa masu kula fiye da ɗaya, kowa da iyakarsa: su duba ƙarfin sigina, ku kaɗai ke tura manhaja. Kada ku raba kalmar sirri ɗaya ku biyu.

Ka kuma sa dillalin ya nuna maka yadda na'urar ke jinkirta sake kira idan netwok ya ɗauke, domin dubban na'urori masu kira lokaci guda kan sa kamfani ya rufe layukanku gaba ɗaya. Sannan ka tambaye shi ko 2G kaɗai take kamawa; kamfanin sadarwa na AT&T a Amurka ya kashe tasa a farkon 2017, wasu ƙasashe na bin sahu. In eSIM ne a ciki, wato sim ɗin da ake sauya masa kamfani ba tare da an zare shi ba, a rubuta a yarjejeniya cewa ku ke da ikon sauya kamfanin sadarwa daga nesa, ba sai an bi motoci ɗaya bayan ɗaya ana kwance murfi ba.