Hukuncin Kashe Gizo-gizo da Share Yanarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gizo-gizo ya cika mana ɗaki, kakar mijina kuma ta hana a taɓa shi, wai shi ya saƙa yana a bakin kogo ya rufa wa Annabi (SAW) asiri. Ga shi ina da yaro mai rarrafe. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki share yanar, ki kashe mai cutarwa, babu zunubi a kanki.

Ƙissar gizo-gizon da ya saƙa yana a kogon Sauru, Imam Ahmad ya ruwaito ta daga Ibn Abbas. Ibn Kasir ya kyautata isnadinta (jerin waɗanda suka ruwaito ta), Albani kuwa ya raunana ta. Labarin kogon da ya zo a Bukhari da Muslim daga bakin Abubakar (RA) babu ambaton gizo-gizo a ciki. Mu ƙaddara ma ƙissar gizo-gizon ta inganta, ba ta hukunta haramci ba. Waɗanda aka hana kashewa a hadisin Abu Dawud huɗu ne: tururuwa, kudan zuma, alhudahuda da suda. Haka zancen da ke yawo cewa gizo-gizo shaiɗan ne a kashe shi, shi ma bai inganta ba, kada a riƙe shi hujja.

Sai hukunci ya koma kan cutarwa. Annabi (SAW) ya halatta kashe wasu halittu biyar masu cutarwa da ya kira fasiƙai har a cikin Harami, daga ciki akwai kunama, malamai kuma suka yi ƙiyasin duk mai cutarwa a kansu.

An san nau'in gizo-gizo sama da 50,000, masu haɗari ga mutum kaɗan ne ƙwarai. Siririn nan mai dogayen ƙafafu da ke rataye a lungun rufi, wanda in an taɓa yanarsa sai ya hau karkarwa, sauro da ƙuda yake ci miki. A ganina wannan a ɗauke shi da tsintsiya a fitar ya fi. Wadda za ki kiyaya ita ce baƙa ko ruwan ƙasa mai ƙulullun ciki, mai jan tabo ko ruwan lemo a ƙasan ciki kamar kalangu. Tana son duhu: ƙarƙashin kujera, bayan kwalaye, cikin takalmin da aka daɗe ba a sa ba. Ita kam a kashe, a murƙushe jakar ƙwanta, a kuma kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa.

Feshin magani ya halatta, amma ki fitar da yaron, ki rufe abinci. Ƙonawa da wuta ce ba ta halatta ba, domin Annabi (SAW) ya hana lokacin da ya ga an ƙona gidan tururuwa. In gizo-gizo mai haɗarin nan ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu, a ɗora abu mai sanyi, a tafi asibiti, musamman in yaro ne ko an ga zufa da murɗewar ciki.

Kakar kuma a yi mata bayani da ladabi, son Annabi ne ya sa ta hana.

Wallahu a'alam.