Taron intanet ma sai da gayyata? Amsa ga mai bincike kan korona da cunkoson intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin kwamfuta a Zariya, kuma bincikena a kan yadda annobar korona ta sauya cunkoson intanet ne. Na ga sanarwar wani taron ƙara wa juna sani da za a yi ta intanet a kan wannan batu, amma sharuɗɗan sun ɗaure min kai. Wai sai mutum ya aika da gajeriyar takarda an duba kafin a gayyace shi, sai ya shiga da cikakken sunansa, kuma an hana tura wa wani adireshin shiga. To Malam, tunda ba zauren taro aka kama ba balle a ce kujeru sun ƙare, mene ne na tsaurarawa? Ina da ƙawar da nake son tura mata adireshin idan an ɗauke ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba da sa'ar karatu. Zan fara da maganar ƙawarki, don ita ce mai gaggawa: kada ki tura mata. Sau da yawa adireshin da ake aiko wa wanda ya yi rajista nasa ne shi kaɗai, an ɗaure shi da sunansa da imel ɗinsa. In ƙawarki ta riga ki shiga, ke ce za ki tsaya a waje, kuma duk abin da ta faɗa a ciki da sunanki za a rubuta shi.

Shi kuwa sharaɗin aika takarda, ba a kanki aka fara ba. Hukumar da ke lura da tsarin ginin intanet, IAB, ta yi irin wannan taro a kan wannan batu a ranakun 9 da 11 da 13 ga Nuwamba, 2020, dukkansa ta intanet, kuma da gayyata ake shiga. Mai so ya halarta sai ya rubuto abin da ya auna ko abin da ya gani a wurin aikinsa. Rahoton taron ya fito a 2021 da lamba RFC 9075, kyauta ne, kuma ina ba ki shawara ki karanta shi kafin ki ɗora alƙalami a kan taki takardar.

Dalilin tantancewar shi ne irin wannan zama ba lacca ba ce da mutum ɗaya zai yi ta magana dubu suna saurare. Musayar bayani ce tsakanin waɗanda kowannensu ya zo da abu a hannu. Injiniyan kamfanin sadarwa ya ce ga yadda layukanmu suka cika, mai bincike daga jami'a ya ce ga abin da alƙalumana suka nuna, sai a gwada a ga inda aka dace da inda aka saɓa. Mutum talatin ko hamsin za su iya wannan cikin awa biyu. Ɗari biyar ba za su iya ba. Kujera ba ta ƙarewa a intanet, gaskiyarki, amma lokacin magana yana ƙarewa. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: kamfanoni ba sa son baje alƙaluman cikin gida a gaban wanda ba su sani ba. Shi ya sa wasu tarukan ke bin ƙa'idar Chatham House, wato kana iya amfani da abin da ka ji, amma ba za ka ce wane ne ya faɗa ba, ko daga wane kamfani yake. In kin ga wannan a cikin sharuɗɗanku, to ki sani ɗaukar hoton allo ki saka a WhatsApp ma karya ƙa'ida ne.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, waɗannan ƙa'idojin da batun da kike bincike a kai tushensu ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020. A cikin watan nan babbar mahaɗar intanet ta DE-CIX da ke Frankfurt a Jamus ta haura terabit 9 a daƙiƙa ɗaya (terabit ma'aunin yawan data ne, ɗaya daidai yake da megabit miliyan ɗaya), abin da ba ta taɓa kaiwa ba. Tarayyar Turai ta roƙi kamfanonin bidiyo su sassauta, Netflix ya rage nauyin hotunansa a Turai da kusan kashi 25 cikin ɗari na tsawon kwana 30, YouTube ma ya sauko da ingancin da bidiyo ke fara buɗewa da shi. Masu bincike sun lura ranakun aiki sun koma kamar na ƙarshen mako: cunkoson da aka saba gani da daddare sai ya fara tun da hantsi, kuma abin da gidaje ke aikawa waje ya ƙaru saboda kowa na kunna kyamara. Mu ma nan an sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, Kano ta biyo baya a Afrilu.

A daidai wannan lokaci Zoom, dandalin taro ta bidiyo, ya tashi daga masu shiga taro miliyan 10 a rana a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Da jama'a suka yi yawa sai ɓata-gari suka biyo: su tsinci adireshin taro a Twitter ko Facebook, su faɗa cikin aji ko taron ofis, su yi ta ashar da nuna hotunan batsa. Abin ya kai hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a ƙarshen Maris, kuma a farkon Afrilu Zoom ya mayar da lambar sirri da ɗakin jira abin da taro ke zuwa da shi tun asali. Ɗakin jiran nan zaure ne kawai. Ka yi sallama, mai gida ya leƙo ya ga wane ne, sannan ya ce bismillah. To in ya leƙo ya ga an rubuta "Tecno Spark" ko "Maman Baby" a maimakon sunan da ke cikin takardarsa, yaya zai yi ya gane ke ce? Ki gyara sunan tun kafin ranar.

Ita ƙawar taki, in da gaske tana da sha'awa, ku rubuta takardar tare, ko ta rubuta wa masu shirya taron ta nemi izinin saurare. Kuma kada ki raina abin da za ki kai musu. Yawancin awon da aka wallafa daga Turai da Amurka ne, inda gidaje ke da intanet na waya mai igiya. Mu kuwa galibinmu da datar wayar hannu muka yi zaman kulle. Ko awon unguwa ɗaya kika yi da kyau, kika bayyana yadda kika yi shi, kin zo da abin da ba su da shi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Masu shirya wani taron intanet sun ce dole a halarci dukkan zama uku, kuma an rubuta lokacin da UTC. Ni a Maraɗi nake, sabis yana yawan yankewa, data kuma da tsada. In na faɗi a tsakiya za a ɗauka ban zo ba? Dole ne in bar kyamara a kunne?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. UTC shi ne agogon da duniya ke auna lokaci da shi. Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi duk awa ɗaya suke gaban UTC, Ghana daidai take da shi, Sudan awa biyu. In an rubuta 14:00 UTC, ƙarfe 3 na yamma ke nan a Maraɗi. Ka lura La'asar za ta faɗo a ciki, sai ka duba jadawali ka ga inda aka sa hutu. Kada kuma ka auna da agogon Landan, don su suna sauya nasu sau biyu a shekara.

Yankewar sabis ba ta share zuwanka. Manhaja irin Zoom tana ajiye wa mai taro lokacin da kowa ya shiga da lokacin da ya fita, in ka dawo a sake rubuta ka. Sharaɗin kawai ka dawo da suna ɗaya, kada ka koma wayar ƙaninka da wani sunan. Ka kuma rubuta musu tun yanzu ka ce ga halin da layinka ke ciki. Mutanen da suka taru don tattauna matsalar intanet su ne suka fi kowa fahimtar wannan uzuri.

Ga lissafin data: duk megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Bidiyon taro kan kai hakan ko ya wuce, ga wanda kake karɓa ga wanda kake aikawa. Murya zalla kuwa ba ta wuce megabait 30 zuwa 40 a awa ta kowane ɓangare. Saboda haka ka nemi izini ka kunna kyamara lokacin gabatar da kai da lokacin da kake magana kaɗai, ka kashe HD, wato hoto mai tsananin inganci, ka kuma sauke takardun taron tun da daddare. A Zoom akwai wurin dakatar da bidiyon da ke shigo maka, murya ta ci gaba.

Abin magana dai, wato makirufo, ka bar shi a kashe sai an ba ka dama. Na taɓa zama a wani taro da wani bawan Allah ya manta nasa a buɗe, janareto na ruri a bayansa. Mai gabatarwa tana tsakiyar bayanin wani jadawali, muka yi kusan minti uku ba ma jin komai, har mai taro ya lalubo shi ya rufe masa. Minti goma aka ba ta, kuma ba a ƙara mata ko ɗaya ba. Ka sa iyafis, ka cika waya da fawa banki tun da safe, ka shiga minti goma kafin lokaci don ka gwada muryarka tun ana gaisawa.